Zaren fatsa: nailan, mai kitso ko fulorokabon, wanne ya dace da ruwanmu?

Mutum zai kashe kuɗi mai kauri a kan sandar fatsa da injin naɗi, sai an zo kan zare ya ce a ba shi kowanne ma. Alhali zaren ne kaɗai ke tsakaninsa da kifin. Idan ya tsinke, tsadar sanda ba ta amfana masa komai ba.

Iri uku ne a kasuwa: zaren nailan wanda wasu ke cewa zaren roba, zare mai kitso wanda za ka ga an rubuta PE a jikin kwalinsa, sai fulorokabon. Ga mai zuwa Tiga, Challawa, Bakolori, Goronyo, Kainji ko bakin Kwara neman tarwaɗa, ragon ruwa, karfasa da giwan ruwa, nailan mai kyau shi ne zare. Sauran biyun suna da wurarensu, amma wuraren ba su da yawa.

Dalilin yana ƙarƙashin ruwan. Madatsun nan namu daji da gonaki aka tare wa ruwa ya rufe: Kainji a 1968, Tiga a 1974, Challawa a 1992. Har yau akwai kututture da rassan itatuwa a ƙasa, ga duwatsu, ga ragowar tsofaffin komaye da igiyoyin mamari da masunta suka rasa. Babban kifi da ya ji ƙugiya can yake nufa. Na farko, nailan santsi gare shi kuma jiki ɗaya ne, yana iya gogar dutse ya ƙarje amma ya riƙe har ka fito da kifin. Na biyu, yana miƙewa. Jiƙaƙƙen nailan kan ƙara kusan kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na tsawonsa kafin ya tsinke. Wannan miƙewar ita ke shanye fizgar giwan ruwa sa'ad da ta ɗago kai sama tana girgizawa, ita ce kuma ke rufa wa sabon hannu asiri idan ya ɗaure birkin inji, wato abin da ke sakin zare in kifi ya ja da ƙarfi, fiye da kima. Na uku, kowane ƙulli yana kama shi, kuma da almakashi ko ƙaramar wuƙa an yanke. Ga shi ya fi sauran araha, don haka ba za ka ji ciwon sauya shi ba idan lokacin sauyawa ya yi.

Aibinsa ma a faɗe shi. Yana riƙe lanƙwasar kwarkwaro, yana shan ruwa ƙarfinsa ya ɗan ragu, kuma rana na cin sa. Duk waɗannan akwai maganinsu, za mu zo kansu.

Wajen kauri, manta da babban lambar da aka buga a gaban kwali, ka nemi milimita. Nailan na gaskiya mai kauri 0.25 yana ɗaukar wajen kilo 4, mai 0.30 kilo 6, mai 0.35 kilo 8, mai 0.40 kilo 10, mai 0.50 kuwa wajen kilo 15 zuwa 16. Idan kauri ya ninka sau biyu, ƙarfi sau huɗu yake ninkawa. In da laba aka rubuta, wato lb, laba ɗaya ta ɗan gaza rabin kilo, 0.45 ce. Karfasa da kurungu da kawara 0.25 ya ishe su. Tarwaɗa da ragon ruwa a wuri mai itatuwa, 0.35 zuwa 0.40. Mai neman giwan ruwa ko ramboshi da kifi mai rai a matsayin koto kada ya sauka ƙasa da 0.50. Sai dai kauri ya tafi da girman inji. Inji mai lamba 4000 yana ɗaukar kimanin mita 180 na 0.30, ko mita 100 na 0.40, kuma nan ne iyakarsa. Ka cusa masa 0.50, zaren zai riƙa zubowa zobe-zobe ya cukurkuɗe tun kafin ka yi jifa uku. Wannan kaurin sai inji 6000 zuwa 8000.

A cikin sunayen da suka daɗe suna riƙe amana akwai Berkley Trilene Big Game na Amurka da Maxima na Jamus. Big Game ya fi yawancin zaruruwa kauri a lamba ɗaya, mai laba 20 ɗinsa ya kai wajen 0.45, shi ya sa yake jure dutse, kuma sau da yawa sai ya wuce nauyin da aka rubuta kafin ya tsinke. Irin wannan zaren, wanda aka rubuta masa ƙasa da abin da zai iya, shi ake nema. Launi kuwa kada ya ɗauke maka hankali. Ruwanmu daga farkon damina har kaka ja ne ko ruwan ƙasa, zare kore ko fari duk ɗaya ne ga tarwaɗar da da gashin bakinta take laluben abinci.

Akwai kuma nailan ɗin da masu sayar da kayan koma ke kawowa a dunƙule a kasuwanni irin Yawuri da Baga. Don mamari ko fatsar hannu ko sandar gora, ba laifi. A kan injin naɗi kuwa yana da tauri, kaurinsa kuma ba ya tafiya daidai daga farko zuwa ƙarshe.

Zare mai kitso siraran zaruruwa ne na wata roba mai ƙarfi da ake kira Dyneema ko Spectra, aka kitsa huɗu ko takwas. Siriri ne ƙwarai a kan ƙarfinsa, mai lamba PE 2 bai wuce kauri 0.24 ba amma ya fi nailan 0.40 ɗaukar nauyi, kuma kusan ba ya miƙewa. Wuri biyu ya fi nailan: mai jifa da kifin roba ko koton ƙarfe mai siffar cokali a zurfin Kainji da Jebba, inda ake son jin taɓin kifi daga nesa, da mai su a cikin ciyawa mai laushi da kachala irin ta fadamar Haɗeja da Nguru, domin yana yanka ganye ya fito. Ban da nan, wahalarsa ta fi daɗinsa. Yana a miƙe ya taɓa kaifin dutse, ya tafi nan take ba gargaɗi. Iskar hunturu na ƙulla shi a bakin sanda. Yana cin zobban sanda masu araha har ya yi musu rami. Yana zamewa a kan kwarkwaro in ba a fara shimfiɗa mita 10 zuwa 15 na nailan a ƙasa ba. Kuma yana yanka yatsa har ƙashi, don haka idan ƙugiya ta maƙale, a jikin itace ake naɗa shi a ja, ba a hannu ba.

Fulorokabon an yi shi ne don ruwa garai-garai inda kifi ke ganin zare, domin shi ba ya cika ganuwa a cikin ruwa. A jan ruwa, biyan kuɗinsa don cika kwarkwaro asara ce, ga tauri, ga tsada.

Yanzu ga inda mutane ke ƙonewa, wato jabu. Zare na cikin kayan da ido ba ya iya tantancewa a shago, masu algus kuma sun san haka.

Ƙaryar farko lamba ce. Kwali ya ce kauri 0.30, ƙarfi kilo 15 ko 20. Babu nailan ɗin da ke yin haka a duniya. Ko dai zaren 0.45 ne aka rubuta masa 0.30, ko kuma 0.30 ne zai tsinke a kilo 5. Gwajin kauri ba ya bukatar na'ura: naɗa zaren sau 20 a jikin fensir, kowane zagaye manne da ɗan'uwansa, ka auna faɗin da rula. Mai 0.30 zai ba ka milimita 6, mai 0.40 milimita 8. Gwajin ƙarfi kuma bokiti ne. Yanki mita ɗaya, naɗa kai ɗaya sau da yawa a jikin sandar tsintsiya ko bututu mai santsi, ɗaure ɗaya kan a marikin bokiti da irin ƙullin da za ka yi wa ƙugiya, jiƙa zaren, ka rataye, sannan ka riƙa zuba ruwa a hankali. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Inda ya tsinke, nan ne ƙarfinsa na gaskiya a hannunka. Maimaita sau uku. Zare mai kyau zai tsinke kusa da wuri ɗaya kowane karo, kuma yawanci a ƙulli. Wanda ya tsinke a lita 4, sannan 9, sannan 6, a tsakiyar jikinsa, jefar da shi ko da wane suna ke jikinsa.

Ƙarya ta biyu ta fi wannan ciwo, domin zaren na iya zama na asali amma ya mutu. Nailan da ya shekara rataye a ƙofar shago, ranar Afrilu na dukansa, ya gama yawo ko da ledarsa ba a buɗe ba. Alamominsa: hasken jikinsa ya dushe, in ka ja shi tsakanin yatsu ya bar maka farar ƙura, in ka warware ya tsaya a murɗe ba ya saki. Ka roƙi mai shago ya bar ka ka warware kamu ɗaya, ka yi masa ƙulli ɗaya sauƙaƙƙe a tsakiya, ka fizga. Sabon 0.35 zai ciji hannunka kafin ya tsinke, matacce kuwa zai ɓalle ba tare da ka ji komai ba. Mai shagon da ya hana wannan gwaji, gode masa ka wuce gaba. Kuma kullum ka ce a ɗauko maka daga cikin kwali a ciki, ba wanda aka rataya don talla ba. Ba a tsawaita wannan magana a banza ba. Mataccen zare ba ya nuna halinsa a kan ƙaramin karfasa, sai ranar da babban kifin da ka daɗe kana jira ya ɗauka.

Zare mai kitso shi aka fi yi wa jabu saboda tsadarsa, musamman sanannun sunaye irin PowerPro da J-Braid na Daiwa, kuma a shagunan intanet abin ya fi yawa. Farashin da ya yi ƙasa da rabin na ko'ina ya riga ya gaya maka labari, araha ba ta ado. Na gaskiya ya fi ruwa sauƙi: yanki guntu, danna shi cikin kofin ruwa ya jiƙe sarai, zai taso. Wanda aka yi da zaren tufafi zai nutse. Kusanta shi da ashana, na gaskiya zai narke ya dunƙule yana warin kyandir, na jabu zai yi baƙin hayaƙi. In an rubuta X8, wato kitson zare takwas, kwance bakinsa da allura ka ƙirga, sau da yawa huɗu za ka samu. Ka kuma matsa shi tsakanin yatsu, mai kyau a mulmule yake, jabu kuwa faffaɗa ne yana zubar da rini a hannu tun ran farko. Haka fulorokabon: da yawa nailan ne aka shafa wa fulorokabon a baya, sai an duba ƙananan rubutu a ga kalmar coated, wato shafe. In ba ka ga an rubuta 100% ba, nailan ka saya da kuɗin wani abu.

Tsawo ma ana cuta a kansa. Kwarkwaro mai ƙaton ciki yana sa mita 150 ta yi kama da 500. Kafa turaku biyu, mita 10 tsakaninsu, ka zagaya da zaren kana ƙirgawa kafin ka ɗora a inji.

Ka samu zare mai kyau, saura ɗorawa, don nan ma ana ɓata shi. Jiƙa kwarkwaron nailan cikin ruwa mai ɗan ɗumi na wasu awoyi ya yi laushi. Ajiye shi a ƙasa a kwance, zura zaren ta zoben farko na sanda, riƙe shi da jiƙaƙƙen tsumma don ya shiga a matse. Bayan naɗi 15 ka sassauta: in zaren ya murɗe kansa, kifa kwarkwaron ɗaya gefen ka ci gaba. Tsaya saura milimita 2 zuwa 3 ya kai leɓen kwarkwaron inji. Ya wuce haka zai zubo, ya gaza haka jifa ba za ta yi nisa ba. Birkin inji a saita shi ya fara sakin zare a kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da bokiti ya nuna maka, wato zaren kilo 9 birkin kilo 3.

Ƙullin Palomar ya isa kusan komai: ninka zaren kamar kamu ɗaya, zura ninkin ta idon ƙugiya, yi ƙulli sauƙaƙƙe ba tare da ja ba, shigar da ƙugiyar ta cikin madaukin, jiƙa da yawu, sannan ka ja a hankali. Jiƙawar ba ado ba ce. Busasshen nailan na zafi yayin da ƙulli ke matsewa, ya ƙone kansa a wurin. In ka ga bakin zaren da ya tsinke a nannaɗe, ƙullinka ne ya zame. In a ƙarje yake, dutse ne. In an yanke shi tsaf, haƙori ne.

Haƙorin nan na kifin tsage ne, kuma babu ɗaya cikin zaruruwan uku da ke tsaya masa. Sai waya mai laushi santimita 20 zuwa 30 a gaban ƙugiya. Giwan ruwa ba ta da irin wannan haƙori, amma bakinta kaushi gare shi, murfin kunnenta kuma kaifi, don haka a ƙara mata mita ɗaya na nailan 0.70 zuwa 0.90 a gaba. Bayan kowane kifi ko maƙalewa, bi mita biyun ƙarshe da yatsu, in ka ji kaushi yanke ka sake ɗauri. Guntun da ka yanke sa shi a aljihu ka tafi da shi gida, domin a bakin ruwan nan shanu ke sha, tsuntsaye ke kiwo, zaren kuma yana naɗe musu ƙafa har ya ci nama.

Mai zuwa ruwa kowane mako ya sauya nailan sau biyu a shekara, sauran mutane sau ɗaya, kafin damina. Ragowar kwarkwaro a ajiye a ɗaki cikin duhu, nesa da fetur da maganin sauro na shafawa, ba a but ɗin mota ba. Wanda kuma ke su a gaɓar teku a Legas ko Akara, ya ɗauraye zare da inji da ruwan famfo duk ranar da ya dawo, kafin gishiri ya bushe a jikinsu.