Akwatin kiran talo-talo da suka ce wai ruwa ba ya masa komai

To jama'a ga nawa bayanin kan saitin nan na farautar talo-talon daji, wato akwatin kira na katako da 'yar macen roba da ake kafawa a fili. Kuɗinsa kun sani ba sai na faɗa ba, ba araha ba ne, kuma abin da ya sa na rufe ido na biya shi ne rubutun da suka buga ɓaro-ɓaro a jikin kwali wai ko ruwan sama ake zai yi kira.

Maganar gaskiya in gari a bushe yake muryar akwatin nan ba dama. Kana goga murfin a bakin katakon sai ka rantse macen talo-talo ce ke neman miji, har maƙwabcina Bature da ya tsufa a harkar ya karɓa ya gwada ya jinjina kai. Ita ma 'yar robar ba laifi, dabarar dai irin ta maharbanmu masu ɗaura kan burtu ce, ka yaudari nama da kamannin tsuntsu. Da a nan aka tsaya tauraro biyar zan ba su ban ko yi tunani ba.

Amma ku ji abin da ya faru. Nan jihar Missouri ta Amurka sati uku kacal ake bayarwa na farautar bazara daga watan Afrilu, namiji ko mai gemu kawai aka yarda ka harba, kuma a dajin gwamnati ƙarfe ɗaya na rana ta yi an tashi wasa. To na shiga dajin Mark Twain tun kafin asuba, na yi sallah a gefen mota, na taka cikin duhu na samu gindin wata babbar bishiya na jingina. Gari na fara wayewa mujiya ta yi kuka sai ga wani ƙaton namijin talo-talo ya amsa daga kan bishiyar da ya kwana, gulululu, wallahi har cikin ƙirjina na ji shi. Na ɗan goga akwatin a hankali ya sake amsawa. Ya sauko, yana tahowa yana tsayawa, ya baza wutsiya fikafikai na jan ƙasa, kan nan nasa ya koma fari fat da shuɗi, gemun na reto a ƙirji. Ni kuwa ko ƙifta ido ina tsoron yi don tsuntsun nan ganinsa ya wuce misali, kaska na tafiya a wuyana ina jin ta amma ban isa in ɗaga hannu ba.

Ya zo kamar yadi sittin ya toge. Haka suke yi ai, a al'adarsu macen ce ke zuwa wurin namiji, sai ka lallaɓa shi da ɗan ƙaramin kira ya ƙaraso yadi arba'in inda bindiga za ta yi aiki. Daidai lokacin aka fara yayyafi, yayyafi fa ba ruwa ba, wanda ko hulata bai gama jiƙawa ba. Bismillah na bakina, na goga murfin, abin da ya fito ƙiiiit ne kawai, wata ƙara mara kan gado da babu tsuntsun da ke yin ta a duniya. Gogan naku ya naɗe wutsiya ya miƙe wuya ya yi ɗan kukan nan nasu na gargaɗi, put, put, ya juya ya bi gangare. Shi ke nan. Na goge katakon da riga, na shafa allin da ake shafa masa don ya yi ƙara, na hura, a banza, sai da ya kwana a ɗaki sannan murya ta dawo.

Kowa ya san akwatin katako ba ya shiri da laima, shi ya sa ma na ƙara kuɗi na sayi wanda aka ce an shafe shi da wani abu. Da na rubuta wa kamfanin sai wata ta amso mini wai in riƙa ajiye shi a leda in ana ruwa. Haba baiwar Allah, a cikin ledar zan yi kiran? Na ce a mayar mini da kuɗina suka ce ai an riga an yi amfani da shi, sai dai su aiko mini da alli kyauta. Allin ma har yau ban gan shi ba.

Da na fara rubutun nan niyyata tauraro uku zan ba su saboda muryar, amma yanzu na tuna ƙarfen da ake soke 'yar robar da shi ma ya lanƙwashe a ƙasa mai tsakuwa, iska na kaɗawa tana ta juyi ba tsayawa. Biyu ya ishe su. Ɗan roban kiran nan na sakawa a baki nake koyo yanzu, duk da yana sa ni kakarin amai, kuma maiɗakina ta ce in dai a falo zan riƙa gwadawa to in koma gareji.