Kafin ka sayi gilashin duba tirifs a gona

Tirifs siririn ƙwaro ne mai fukafukai masu geza, tsawonsa milimita 1 zuwa 2. Da ido kawai ɓarnarsa za ka gani: ganye ya yi zane-zane fari-fari, ga ɗigon baƙin kashi, fure na kakkaɓewa. Kuma iri-iri ne. Na furen wake, Megalurothrips sjostedti, baƙi ne. Na albasa, Thrips tabaci, ya fi haske. Frankliniella occidentalis kuwa yana yaɗa bairas da ke nakasa tumatir. Don haka abin dubawa ake fara saye kafin magani.

Zaɓina gilashin hannu ne mai ninka girma sau 10, wanda aka haɗa da gilasai uku a ciki. Ba ya buƙatar batir, yana shiga aljihu, kuma ba ya murɗe hoto a gefe. Ka kakkaɓe fure a kan farar takarda, ka manna gilashin kusa da idonka, ka matso da takardar har tazarar ta kai kamar santimita 2 da rabi. Nan za ka ga launi, ka bambance manya masu fukafukai da 'ya'yansu marasa su. Mai ninka sau 20 ya fi nuna jiki, sai dai ƙwaron na motsawa ka rasa shi.

Katin gam shuɗi, wato tarkon da ƙwari ke maƙalewa a jikinsa, na nuna maka ƙwarin sun iso, amma gam ɗin na ɓata jikinsu. Gilashin maƙalawa a waya kuwa, na ɗaukar hoto ne kawai.

Inda nake jan kunne shi ne jabu. An taɓa sayar mini da gilashi an rubuta sau 30 a jikinsa, ashe roba ce da ko sau 5 ba ta kai ba. Ka lura: gilashi mai ƙarfi ƙarami ne, duk wanda ya kai faɗin tafin hannu ba zai ninka da yawa ba. Ka gwada shi a kan ƙaramin rubutu. Idan layi ya lanƙwashe ko launin bakan gizo ya fito a gefe, ajiye shi. Haka na'urorin ƙara girma da ake jonawa da kwamfuta ta USB, masu iƙirarin sau 1000, yawanci hoton suke buɗawa kawai.

Tabbatar da iri kuwa sai da maikroskof, na'urar duba ƙananan abubuwa, inda ake ƙirga gaɓoɓin ƙahon ƙwaron: 7 a na albasa, 8 a Frankliniella. Ka zuba ƙwarin 'yan kaɗan a kwalbar sifirit ka kai wa malamin gona.