Wane Littafin Hotuna Ya Dace a Saya wa Yaro Don Ya Gane Aikin Gwamnati?

Iyayen da ke son ɗansu mai shekara 5 zuwa 8 ya fara fahimtar yadda ake tafiyar da mulki za su tarar da littattafai iri uku a kasuwa, kuma bai kamata kyawun bango ya yanke musu hukunci ba.

Na farko su ne waɗanda ake shigowa da su daga Amurka da Ingila. Takardarsu tana da kauri, launinsu yana ɗaukar ido, sai dai tsarin wata ƙasa suke koyarwa. Na Amurka ya fi kusa da namu, tun da Najeriya ta koma tsarin shugaba mai cikakken iko a 1979, amma yaro zai haddace sanatoci 100 alhali namu 109 ne, da wakilai 435 maimakon 360. Na Ingila kuwa, mai sarki da firaminista, rikita shi kawai zai yi.

Na biyu su ne littattafan darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa na firamare. Suna da araha, bayaninsu na gida ne, amma hotunansu kaɗan ne kuma Turancinsu yakan yi wa ƙaramin yaro nauyi.

A ganina, wanda ya fi cancantar kuɗin mutum shi ne na uku, wato littafin labari da Hausa, ko mai harshe biyu, wanda ya faro daga abin da yaro yake gani kullum: famfon unguwa ya lalace, mai unguwa ya tara jama'a, an kai kuka ga kansila, kansila ya kai wa shugaban ƙaramar hukuma. Daga nan ne maganar gwamna, majalisa da kotu za ta zauna masa, har ya bambance hakimi da wanda aka zaɓa da ƙuri'a. Irin wannan littafi yana da wuyar samu, amma ya cancanci a yi cigiyarsa.

Kafin a biya kuɗi, a buɗe shafin taswira. Idan babu Zamfara, Gombe da Nasarawa, waɗanda aka ƙirƙira a 1996, bayanin ya tsufa. A duba ko an ce jihohi 36 ne da ƙananan hukumomi 774, a kuma duba taken ƙasa, domin an sauya shi a 2024. Sannan a ja shafin tsakiya a hankali, saboda kwafin jabu da aka manna da gam ba ya jure hannun yaro.