Ta'if, Abha, Ula ko Ahsa: Inda Ya Kamata Mai Iyali Ya Nufa Idan Hutu Ya Zo a Saudiyya

Akwai Hausawa da dama da suka shekara ashirin ko talatin a ƙasar Saudiyya, wasu ma nan aka haife su, a unguwanni irin su Shara Mansur ko Hindawiyya ko Karantina, amma abin da suka sani na ƙasar bai wuce Makka da Madina da Jidda ba, sai kuma titunan da suka haɗa garuruwan uku. Wanda yake maƙwabtaka da Ɗakin Allah bai rasa komai ba, wannan gaskiya ne. Sai dai ƙasa ce da faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan 2, an kasa ta lardi 13, kuma a cikinta akwai duwatsun da gajimare ke lulluɓewa a tsakiyar watan Yuli, da dausayi mai miliyoyin itatuwan dabino, da tsibirai, da inda ƙanƙara ke sauka da hunturu. Mai iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ba ya buƙatar wani izini na daban kafin ya zagaya, kuma tun shekarar 2022 aka ba masu bizar Umra damar zuwa sauran garuruwa. Abin da ya rage shi ne zaɓi, domin hutu gajere ne, riyal kuma da gumi ake samun sa.

Abu biyu ne suke yanke hukunci a wannan zaɓi, wato watan da za a yi tafiyar da kuma mutanen da za a tafi da su. Hotunan da ake gani a waya ba sa faɗin ko ɗaya daga cikin biyun. Wurin da yake da ni'ima a Janairu yakan zama azaba a Agusta, kuma wurin da ya dace da samari huɗu a mota guda ba lallai ya dace da maigida mai ɗauke da mahaifiyarsa da ƙananan yara ba.

Ga wanda yake zaune a Makka ko Jidda, Ta'if ita ce mafi sauƙi kuma mafi arha. Tsakaninta da Makka wajen kilomita 90 ne ta hanyar Hada, garin kuma yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,800, shi ya sa tun zamanin da manyan Makka suke komawa can idan zafi ya tsananta. Kada mutum ya zaci sanyi zai tarar da tsakar rana a watan Yuli, domin rana tana dukan Ta'if ita ma, amma da zarar la'asar ta yi sai iska ta canza, musamman a Hada da Shafa, har a nemi abin rufa da dare. A tsakiyar gari akwai masallacin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, wanda a Ta'if ya rasu, akwai fadar Shubra, akwai kuma wuraren da ake dangantawa da zuwan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, lokacin da mutanen garin suka ƙi karɓar kiransa. A gefen titi ana sayar da rumman da inabi da ɓaure a kan lokacinsu. Wanda ya sami dama a Maris ko Afrilu kuwa, ya daure ya shiga ɗaya daga cikin gonakin wardi da sassafe: ana tsinke furen tun kafin rana ta ɗaga, a zuba shi cikin manyan tukwanen tagulla da ruwa, a hura wuta a ƙasa, tururin ya bi ta bututu ya riƙa ɗiga cikin kwalba, man ya taso sama kaɗan-kaɗan. Idan mutum ya ga tulin furen da ake buƙata kafin a cika ƙaramar kwalba guda, ba zai sake mamakin tsadar turaren ba. Ruwan wardin kuwa ba shi da tsada, kuma tsaraba ce da mata ke so. Abin lura a nan shi ne hanyar Hada tana da kwana-kwana sosai, akan rufe ta idan ruwa ko gajimare ya yi yawa, a mayar da motoci ta Sail, sannan biran da ke bakin hanyar ba sa jin tsoron mutane, suna fizge leda daga hannun yaro, don haka a rufe gilashin mota idan an tsaya.

Naƙasun Ta'if guda ɗaya ne, kusancinta. A ƙarshen mako na lokacin zafi kusan duk Makka da Jidda can suke kwarara, kuɗin masauki ya tashi, titi ya cushe. Mai iya zuwa tsakanin Lahadi da Laraba shi ne ya more.

Idan akwai mako guda a hannu, kuma lokacin zafi ne, a ganina babu inda ya kai kudu maso yamma biyan kuɗin mutum. Daga Ta'if hanya tana bin kan duwatsun Sarawat ta wuce Baha, inda dajin Ragadan da tsohon ƙauyen Zi Ain suke, ta bi ta Namas da Tanuma har Abha, kuma ita kanta hanyar rabin yawon ce. Abha tana kan tsayin kimanin mita 2,200, dutsen Suda da ke kusa da ita ya kai wajen mita 3,000, kuma a watannin da zafin Makka ke haura digiri 45, na Abha yakan tsaya kusa da 30, da yamma kuma sau da yawa ruwa ya sauko. Daga Suda ana gangarawa ƙauyen Rijal Alma, mai gidajen dutse hawa-hawa da aka yi wa ado da farin dutse, inda a cikin ɗakuna za a ga zanen nan na bango mai launi-launi da matan Asir suke yi, wanda ake kira Ƙaɗɗ Asiri, UNESCO kuma ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2017. Kasuwar Talata ta Abha wuri ne na zuma da turaren wuta da kayan saƙa, kuma wanda bai ci hanis, wato naman da ake gasawa cikin rami, ko arika da zuma da man shanu ba, bai gama ziyarar ba. Masauki a Abha yana tsada a Yuli da Agusta, saboda haka masu dabara sukan kama gida a Khamis Mushait da ke dab da ita. Ana kuma manyan gine-gine a yankin Suda, abin da ke sa a rufe wasu sassan, don haka a bincika kafin a kama hanya. Dattijo mai hawan jini ko ciwon numfashi ya kamata a bar shi ya huta kwana guda kafin a hau da shi can ƙololuwa, gangaren Rijal Alma kuma ba na sabon direba ba ne, ba na motar da birkinta ke da shakka ba ne.

Jazan tana ƙasan waɗannan duwatsu, a bakin Bahar Maliya, kuma lokacinta kishiyar na Abha ne. Daga Mayu zuwa Satumba zafinta mai danshi ne, irin wanda ke jiƙa riga tun kafin a isa mota, amma daga Disamba zuwa Fabrairu wuri ne mai daɗi. Ina ba da shawararta ga iyalan da yaransu suka tashi a nan ba su taɓa zuwa gida ba, domin a filin Tihama ana noman dawa da gero da riɗi da mangwaro, tsofaffin bukkokin yankin masu rufin ciyawa kuma sai ka rantse a wani ƙauyen Katsina ko Maraɗi kake. Daga tashar jiragen ruwa ta Jazan ana ƙetarawa tsibiran Farasan kyauta, sai dai a yi rajistar wuri da wuri, musamman mai son shiga da motarsa. A duwatsun Faifa kuma ake noman gahawar Khaulani a kan gonaki hawa-hawa. Najran tana can gabas, kusa da iyakar Yaman, a nan ne kufan Ukhdud yake, wanda ake dangantawa da mutanen da aka ambata a Suratul Buruj, sai dai nisanta ya sa ta fi dacewa da wanda ya riga ya ga sauran.

Ula ce wurin da aka fi tallatawa a 'yan shekarun nan, kuma ita ce ta fi buƙatar a yi tunani kafin a biya. Tana da nisan fiye da kilomita 300 arewa da Madina, tafiyar kimanin awa huɗu a mota. Kyawunta ba abin musu ba ne: jajayen duwatsu a tsaye cikin rairayi, Dutsen Giwa, tsohon garin laka, gonakin dabino da lemo, da kuma Hijir ko Mada'in Salih, mai kaburbura fiye da 100 da Nabaɗawa suka sassaƙa a jikin dutse, wanda shi ne wuri na farko a Saudiyya da UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya, a 2008. Amma an tsara Ula ne domin baƙi masu kuɗi. Ba a shiga Hijir sai da tikitin da aka yanka tun da wuri, kuma motar masu kula da wurin ce ke zagayawa da mutane, masauki kuwa da hunturu, wanda shi ne lokacin zuwan, yana cikin mafi tsada a ƙasar. Akwai kuma batun da Musulmi ba zai tsallake ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce ta Hijir a hanyarsa ta zuwa Tabuka, ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka halaka sai dai suna masu kuka, ya kuma hana amfani da ruwan rijiyoyinsu in ban da wadda taguwar Annabi Salihu ta kasance tana sha. Saboda haka mai niyyar zuwa ya tambayi malaminsa, ya kuma san da wace zuciya zai shiga. Ana iya zuwa Ula a ga tsohon gari da gonaki da duwatsu ba tare da an taka Hijir ba, domin tana wajen gari ne. Mai zaune a Madina da bai shirya wa wannan kashe kuɗi ba, Badar da Khaibar da bakin tekun Yanbu duk suna kusa da shi, kuma ana iya zuwa a dawo a yini guda. Tabuka kuwa ta masu ƙarfin tuƙi ce, ga Wadi Disa, ga dutsen Lauz da ƙanƙara ke sauka a kansa a wasu shekarun.

Riyad birni ne na wanda yake son birni. Akwai ganuwar Masmak da Sarki Abdul'aziz ya karɓe a 1902, akwai babban gidan tarihi na ƙasa, akwai unguwar Ɗuraif a Dir'iyya, cibiyar daular Saudiyya ta farko, sannan tun Disambar 2024 jirgin ƙasa na cikin gari, mai layuka shida, ya fara aiki, abin da ya rage wa baƙo wahalar tasi. Kwana biyu sun isa, sai fa mai harkar kasuwanci ko mai 'yan'uwa a can. Ɗan kasuwar dabino kuma ya fi kyau ya wuce Buraida a Agusta ko Satumba, lokacin da dabinon sukkari ke cika kasuwa tun da asuba.

Amfanin Riyad ga mai yawo shi ne daga nan jirgin ƙasa ke kai mutum Hufuf cikin ƙasa da awa uku, kuma Ahsa ita ce zaɓina na hunturu ga mai iyali da matsakaicin ƙarfi. Dausayi ne mai itatuwan dabino kimanin miliyan 2.5, ya shiga jerin UNESCO a 2018, a nan ake samun dabinon khalas da jar shinkafar Hasawi, a nan kuma ake ɗinka alkyabbar nan mai zaren zinare da sarakuna da limamai ke yafawa. A dutsen Ƙara akwai koguna masu ƙunci da ake ratsawa a ƙafa, bango a dama bango a hagu, haske na shigowa ta tsagar sama, kuma cikinsu sanyi ne a lokacin zafi, ɗumi ne da hunturu, tsohuwa ma tana iya takawa domin an gyara hanyar. Masallacin Juwasa yana nan kusa, wanda Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa a nan aka yi Juma'ar farko bayan ta masallacin Annabi. Da dare a shiga kasuwar Ƙaisariyya, inda farashi bai yi kama da na Ula ba ko kusa. Daga nan Dammam da Khubar ba su da nisa, kuma a Zahran, inda rijiya ta 7 ta fara ba da mai a 1938, akwai cibiyar Isra mai ɗakin karatu da wuraren koyo na yara.

Batun abin hawa kuwa lissafin kawuna ne. Jirgin ƙasan Haramaini da ya fara aiki a 2018 yana haɗa Makka da Jidda da Madina ne, bai haɗu da layukan Riyad ba, kuma babu jirgin ƙasa zuwa Ta'if ko Abha ko Ula. Mutum ɗaya ko biyu, jirgin sama na Flynas ko Flyadeal yakan fi sauƙi idan an sayi tikiti da wuri, sai dai a duba ko kuɗin kaya yana ciki. Daga mutum biyar zuwa sama, mota ta fi, tunda fetur ba shi da tsada kuma titunan suna da kyau, amma kyamarorin Sahir masu kama gudu a kan titi ba sa ɗaga ƙafa, tarar gudu guda tana iya cinye kuɗin masaukin dare. Bas na tsakanin garuruwa shi ne mafi arha, matsalarsa ita ce idan ya sauke mutum a Abha ko Hufuf, wuraren da ake son gani suna bayan gari. A wajen kwana ma, mai iyali ya nemi shuƙƙa, wato sashen gida na haya, mai kayan ɗaki da wurin girki a maimakon ɗakunan otal biyu, domin uwargida ta dafa abin da yara suka saba ci, kuɗin abinci ya ragu sosai.

Kafin a tashi, a tabbatar iƙamar kowa tana da sauran kwanaki, har ta yara, domin ana tambaya a shingayen bincike da wajen kama masauki. Mai bizar Umra ya lissafa kwanakinsa ya kuma sanar da kamfanin da ya kawo shi. Daga ƙarshen Shawwal zuwa bayan Hajji akan taƙaita shiga Makka ga wanda ba shi da izini ko iƙamar garin, don haka wanda zai bi ta nan ya tsara hanyarsa da wannan a ransa. Wanda kuma ya yi niyyar shigowa da Umra a hanyar dawowa, ya sa haraminsa a saman jaka: mai zuwa daga Ta'if ko Riyad ko Ahsa miƙatinsa Sailul Kabir ne, ko Wadi Muhrim idan ta Hada zai sauko, mai zuwa daga Jazan ta bakin teku Yalamlam ne, mai zuwa daga Ula ko Tabuka ta Madina kuma Abyar Ali.