Kundin ya fito, amma labarina ya riga ya kwana

Ranar Asabar na shiga Sabon Garin Kano na karɓo kwafi biyu na kundin ƙagaggun labaran kimiyya da muka yi karo-karo aka buga. Shekara huɗu cif tun da na miƙa labari da kuɗi.

Aikin bugun ba laifi. Takarda fara tas, ɗinki mai ƙwari, kuma ƙugiyoyin ƙ da ɗ da ɓ duk suna nan, abin da maɗaba'u da yawa ke cinyewa. Bangon ne bai yi min ba: hoton wani Bature ɗan sama-jannati da aka kwaso daga intanet, alhali rabin labaran a cikin Badala suke faruwa.

Jiran ne ya ci min rai. Duk sanda na kira mai shirya kundin, amsar ɗaya ce: "Malam, a ƙara haƙuri, yana hannun mai bugu." Na yarda takarda ta yi tsada bayan faɗuwar naira a 2023. To amma mai shirya kundin ne ya kafa mana sharaɗin kada wanda ya sa labarinsa a shafin karanta littattafai na Wattpad ko ya kai wata gasa, muka zauna da hannu a ɗaure.

Labarin kimiyya kuwa kamar tumatir yake, ba ya son ajiya. Nawa a kan wata na'ura ce da ke amsa tambayoyin 'yan kasuwar Kurmi da Hausa. Lokacin da na rubuta shi abin mamaki ne. ChatGPT ya fito ƙarshen 2022, yanzu ƙanina ma da wayarsa yake yin abin da na ɓata shafi tara ina kwatantawa.

Wani abokina ya ce in gode Allah. A Amurka, marubuci Harlan Ellison ya tara labaran marubuta don kundin The Last Dangerous Visions, aka sa ran fitowarsa a 1973. Ya rasu 2018 bai fitar ba, sai 2024 wani marubucin, J. Michael Straczynski, ya buga shi, bayan da dama cikin marubutan sun riga mu gidan gaskiya. Na yi dariya, amma ban huce ba.

Mai karatu ya saya, akwai labarai uku da suka biya kuɗinsu. Marubuci kuwa ya nemi a rubuta masa ranar da labarinsa zai dawo hannunsa in ba a buga ba. Jiya mai shirya kundin namu ya turo saƙo a WhatsApp wai ana karɓar labaran kundi na biyu. Ban amsa ba tukuna.