Sabon modem ɗin cafe ɗinmu

Masu cafe a ƙauye irin namu nan gefen Ringim, modem mai Carrier-in-Carrier ɗin nan ya yi wallahi. A da mita (frequency) biyu muke haya a satalayit, ta aikawa da ta karɓa, yanzu duk kan guda suke hawa, modem ɗin ya san abin da ya tura sai ya cire shi daga abin da ya dawo, saura saƙon ɗaya ɓangaren, wato masu ba mu intanet. Kuɗin haya ya sauka sosai. Modem ɗin kam akwai tsada, kuma dole ɗaya ɓangaren ma su sa irinsa. Ruwan Agusta na saukowa fitilar modem ta koma ja, yara masu duba WAEC su yi ta tsaki, amma wannan halin dish ne, ba ruwan modem.