Gargaɗi ga maharba a jihar Kolorado ta Amurka: hattara da shagunan harsashi na bogi

'Yan uwa masu shirin fita farautar elk (wata babbar dabbar daji mai kama da barewa) a Oktoban nan, ku saurara kafin ku tura wa kowa kuɗi.

Watan jiya ina neman harsashi mai lamba .30-06, mai nauyin giren 180 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), shagunan unguwarmu duk ya ƙare. Sai talla ta faɗo mini a waya: shago a intanet, hotunan kwalaye tsaf-tsaf, kowace lamba akwai, har .300 Winchester Magnum, farashi kusan rabin na kasuwa. Araha ba ta ado, na sani, amma kwaɗayi ya rufe mini ido. Na zaɓi kwali biyar, harsashi 20 a kowanne.

Wajen biya ne ya kamata in farga. Katin banki "ya samu matsala", sai dai Zelle (manhajar tura kuɗi kai tsaye) ko Bitcoin. Na tura dala 140. Washegari ga saƙo: kaya sun maƙale a hanya, in ƙara dala 200 na inshora, wai za a mayar mini idan sun iso. Nan jikina ya yi sanyi. Na buga lambar wayarsu, ba ta shiga. Adireshin da suka rubuta kuwa, da na duba taswira, filin ajiye motoci ne. Bayan kwana uku shafin ya yi layar zana. Banki suka ce ni na tura da hannuna.

Abin da ya fi ba ni haushi, alamar tana gabana tun farko. Sun jera harsashin FMJ, irin na atisaye mai rufin ƙarfe gaba ɗaya, a ƙarƙashin "na farautar elk". Mai shagon gaskiya ba zai yi wannan ba. Dokar Kolorado ta ce sai harsashi mai buɗewa a jikin dabba, faɗin bakin bindiga aƙalla inci .24, nauyi aƙalla giren 85. Dabbar da namijinta kan kai kilo 300, ka harbe ta da wanda zai ratsa ya wuce, sai ta shige duhuwar daji da rauni, kai kuma ka sha tara.

Na kai ƙara shafin IC3 na hukumar FBI, inda ake kai ƙarar damfarar intanet, wanda ya faɗa hannun irin waɗannan macutan ya yi haka. Harsashin kuwa na samo shi a wani shago da ke da nisan awa guda a mota, na riƙe kwalin a hannuna kafin in biya.